Ginshiƙin Usman

Na san abin da ake faɗa a kaina a gidajen biki da gidajen makoki, a nan Jidda, daga Hindawiyya har Bab Makka. Ana cewa Khadduj, tsohuwar nan ta Khumra, ta zaɓi katako ta bar ɗanta. Wasu cikinku ma, ku da na haifa da waɗanda kuka haifa, kun faɗa, ko da yake ba a gabana ba, don kun san bakina. To tun da sauran numfashina bari ku ji yadda abin ya faru daga bakin wadda ta yi shi. Ba haƙuri na zo ba kowa ba. Wanda ya buɗe wannan babi yana jiran ya ga tsohuwa tana share hawaye tana neman gafara, ya rufe ya je ya sha shayinsa tun bai huce ba.

Sai kun san gidan kafin ku auna laifin da ake ɗora mini. Kakana Malam Sale masassaƙi ne daga ƙasar Katsina. Da ƙafa ya taso zuwa aikin hajji, ya yi shekaru a hanya yana sassaƙa wa mutanen Sudan turmi da ƙyaure don ya samu na abinci, har ya kai Sawakin ya shiga jirgin ruwa na katako, irin wanda ake kira sambuk. Jirgin bai ga tashar Jidda ba. Ya hau kan duwatsun teku kudu da gari ya tsage, mutane suka fito da ƙafa, ruwa iya wuya, kayansu a ka. Mai jirgin ya tsaya ya dube shi, ya ce halas, ya yi tafiyarsa. Kakana ya sauke farali, guzuri ya ƙare, sai wani Balarabe mai gona a Khumra ya ɗauke shi tsaron gona. Kada ku dubi Khumrar da kuka tashi kuka gani, ta ɗakunan ajiya da manyan motoci. Wancan lokacin fili ne fetal, in an yi ruwa a shuka gero da kankana, ga rijiya mai ɗan zartsi, ga awaki suna yawo. Mai gonar ya ce masa ya kafa bukka ya zauna. Kakana ya ce shi bai baro soro a garinsu don ya zo ya mutu a bukka ba. Ya ari raƙumi ya koma bakin teku, ya riƙa ɓalle mataccen jirgin nan guntu-guntu yana jawowa. In an ce ina da taurin kai, ga inda na gado shi.

Da jirgin da ya kawo shi ya yi gida. Itacen ya fara kafawa kafin a ɗora dutse ko ɗaya: ginshiƙai a tsaye a jere, an gitta musu wasu a tsakani, kowane ya shige cikin ɗan'uwansa ya zauna daram. Babu ƙusar ƙarfe a gidan nan, don ya ga abin da iskar teku ke yi wa ƙarfe. Turaku ya feƙe na itace ya buga. Tsakanin ginshiƙan ya cika da dutsen teku mai ramuka da ake kira mangabi, ya shafe da farar ƙasa, ya bar itacen a fili, baƙi a cikin fari, ta yadda tun daga nesa kana ganin ƙashin gidan. Haƙarƙarin jirgin, lanƙwasassun katakan nan, ya kifa su a kan babban ɗaki suka haɗu a sama suka yi baka, irin wanda magina ke yi wa soro a garinsu. Dogon itacen da ake ɗaura wa jirgi zanen iska, wanda Larabawa ke ce wa dagal, shi ya kwantar a tsakiya ya riƙe rufin duka. A kai ya jera siraran itatuwa maimakon azara, ya shimfiɗa tabarmar kaba, ya zuba ƙasa. Ƙyauren zaure daga gindin jirgin ya fito, har yau da hujojin da tsutsar teku ta yi masa, muna yara ta nan muke leƙa mai sallama. Tagar arewa ya yi mata ɗan roshan, ba irin na attajiran cikin gari mai ado ba, ƙarami ne mai saƙar katako inda ake ajiye tulu iska ta sanyaya ruwa. In zafi ya yi zafi kuma, itacen yakan fitar da warin man kifin da aka shafe jirgin da shi. Ƙawayena sukan toshe hanci in sun shigo. Ni kuwa har yau in na wuce kasuwar kifi sai in ji kamar ana kirana cin abinci.

Yanzu ga abin da ba ya cikin allon bayanin da hukuma ta kafa daga baya a ƙofar gidan. A garin su Kaka, in an haihu ana binne mabiyiya a bayan ɗakin mai jego. A nan kuwa bayan ɗaki ƙasar wani ce, gobe yana iya shuka kankana a kai. Sai Kaka ya ce a riƙa binnewa a ciki, a gindin ginshiƙi, kowane yaro da nasa. Na mahaifina shi ne na bakin ƙofa. Nawa na kusa da roshan, shi ya sa ake tsokanata wai iska ce ta buɗe mini baki. Da aka koma haihuwa a asibiti aka daina ba mu mabiyiya, sai muka riƙa jiran cibiyar jariri ta bushe ta faɗi, mu ƙulle a tsumma mu binne. Da ginshiƙai suka ƙare a zamanin jikokina, sai ya zama yaro yana bin ginshiƙin ubansa. Mu a gidan nan ba ma cewa a ajiye tsintsiya a kusurwar gabas, cewa muke a jingina ta a jikin Rukayya, wato ginshiƙin 'yata. Usman, ɗana na fari, nasa ne na tsakiya, wanda ke ɗauke da dagal. Babansa Idrisu, Allah ya ji ƙansa, shi ya zaɓa masa, ya ce babba shi ke ɗaukar rufi.

Ku gane abu ɗaya. A Jidda aka haife ni, a Jidda aka haifi ubana, amma kullum sai an sabunta mana iƙama, takardar izinin zama, kamar baƙin da suka sauka jiya. Ba ƙorafi nake yi ba, dokar ƙasa ce. Ƙasar gonar kuma ta jikokin mai gona ce, su ne kafilanmu, masu tsaya mana a wajen hukuma, tun daga kaka har jika, ban taɓa musun haka ba ko a cikin raina. Amma in aka tambaye ni ke 'yar ina ce, fasfona yana cewa Nijeriya, ƙasar da ban taɓa takawa ba. Abin da nake da shi kawai shi ne in kama hannun mutum in kai shi gindin ginshiƙi in ce nan.

Shekarar da abin ya faru Idrisu ya riga ya rasu, noma ya mutu tuntuni, ɗakunan ajiya, waɗanda muke kira mustauda, sun kewaye mu ta ko'ina. Gonar duka ta koma gidan da ɗan fili da kurna guda. Ta faɗa hannun jikan mai gona, Abu Nawwaf, wanda Usman yake yi wa direba tun suna samari. Tare suka yi wasan ƙasa a gindin kurnar nan. Ba mugun mutum ba ne, kada in ɗauki alhakinsa, da kafaɗarsa ya ɗauki gawar Idrisu har maƙabarta. Amma ya samu masu son filin su kafa mustauda, maganar ta yi nisa, sai kuma aka ji labarin hukuma ta turo mutane suna zagayen tsofaffin gine-gine, duk wanda suka sa wa lamba ya zama na tarihi, ba mai ikon rushe shi.

Wata safiya ina shara sai ga Usman da motar ɗaukar kaya, buhunan siminti da allunan silin a baya.

"Wannan fa, ya Usman?"

"Abu Nawwaf ya aiko, Ummi. Za mu shafe bangon waje, mu rufe saman ɗaki. Masu duba tsofaffin gidaje za su zo. In sun ga itacen za su sa lamba, halas, ba mai taɓa gidan."

"To ai alheri ke nan."

"Alherin wa? Mutumin ya gama magana da masu mustauda. Ya ce zai kama mana shugga, gida a bene, a Hindawiyya, da mukayyif mai hura sanyi, da ruwan famfo. Ke ba ki gaji da guga ba?"

"Ginshiƙan fa?"

"Katako ne, Ummi. Wallahi katako ne."

"Abin da ke gindinsu fa?"

Ya kau da kai ya ɗauki buhu. "Ƙasa ta cinye shi tun yaushe."

Ban hana shi ba, ku rubuta wannan. Ina zaune a gindin kurna ina kallo suka lulluɓe farin bangon da baƙin itacen da siminti, gidan Kaka ya koma kamar kowane ɗakin lebura a Khumra. Suka cire roshan suka tura ƙarƙashin gado, suka liƙa tagar alminiyam. Suka kewaye ginshiƙai da alluna. Sannan Usman ya hau tsani da guduma. Ƙusar ƙarfe ta farko da ta shiga itacen Kaka, ɗana ne ya buga ta, a jikin ginshiƙinsa. Kowane bugu ina jinsa a haƙorina, amma na haɗiye. Rukayya, wadda ke aure a Hindawiyya, ta zo ranar ta zauna kusa da ni tana murza mini hannu kamar mara lafiya.

"Ummi, don Allah ki danne. Iƙamar Yaya a hannun mutumin nan take, da ta matarsa, da ta yaransa. In ya fusata ina za su?"

"Na ji."

"Kin ji, ko kin yarda?"

"Na ce na ji, ya bint. Kunnena bai mutu ba."

Saboda haka kada wani ya ce muku ban san abin da zai biyo baya ba, ko tsufa ne ya kwashe ni. Na sani sarai. Kuma wallahi da niyyar yin shiru na tashi ranar da za su zo. Abin da ya ɓata lissafi shi ne Usman ya ƙara gishiri. Da hantsi ya shigo da wani zanen atamfa na matarsa ya miƙo mini.

"Ki cire abayar ki ɗaura wannan. In sun yi miki magana kada ki amsa. Zan ce ke hajiya ce da kika zo umara kika maƙale, ba kya jin Larabci, mun ba ki masauki."

Na dubi zanen, na dube shi. Ni da na yi karatun allo da na boko da Larabci, ni da nake zagin mai kifi a kasuwa har ya rasa abin cewa ya ƙara mini gyara. A cikin ɗakin da aka yanke mini cibiya za a ce in zama baƙuwa. Na karɓi zanen na ɗaura, na zauna a kan tabarma.

Suka iso kafin azahar, maza biyu da wata yarinya muhandisa, mai ilmin gine-gine, siririya mai tabarau. Abu Nawwaf yana gaba yana ta fara'a, yana cewa ai ɗakin ma'aikata ne, ba wani daɗewa ya yi ba, sun dai wahalar da kansu. Mazan suka leƙa, suka ga siminti da silin, suka juya za su koma mota don rana ta yi zafi. Yarinyar ce ta tsaya a zaure. Abu ɗaya su Usman suka manta, saboda kullum suna ganinsa har sun daina ganinsa: ƙyauren. Ta shafa shi da tafin hannu, ta sa ɗan yatsa a cikin hujin tsutsa.

"Wannan ƙyauren daga ina?"

"Daga haraj," in ji Abu Nawwaf. "Kasuwar tarkace. Ma'aikatan nan komai suka tsinta sai su liƙa."

Ta juyo gare ni ta gaishe ni da Larabci. "Kef halik ya khala? Kin daɗe a nan?"

Usman ya yi wuf. "Ba ta jin Larabci, ya muhandisa. Baƙuwa ce."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Da Larabcin Jidda na amsa, irin na tsofaffin mata, wanda ita kanta yarinyar sai a bakin kakarta take ji.

"Baƙuwa? A ɗakin nan na haife ka, ya walad, kana tsala ihu kamar ɗan akuya. Ƙyauren nan kuma ba tarkace ba ne, ya Abu Nawwaf, kakanka ya san ko mene ne, da shi aka ɗora shi a kan raƙumi. Ta'ali ya binti, zo ki gani."

Na ɗauki taɓarya a bayan ƙofa na shiga babban ɗaki. Allon silin ba shi da wani ƙarfi, zunguri biyu ya rufto da ƙurarsa, na ƙara wa na kusa da shi. Haske ya faɗa kan haƙarƙarin jirgin, baƙaƙe, lanƙwasassu, sun haɗu a jikin dagal kamar yadda Kaka ya bar su. Warin man kifi ya sauko ya cika ɗakin. Yarinyar ta ɗaga kai ta yi tsaye baki buɗe, can ta ce a hankali:

"Masha Allah. Hada markab. Wannan ai jirgi ne."

"Jirgi ne," na ce. "Shi ya kawo mu."

Ta kira mazan suka dawo da abin ɗaukar hoto. Na jawo roshan daga ƙarƙashin gado, na ɓalle allon da aka kewaye ginshiƙina da shi, na nuna mata turakun itace. Na faɗa mata sunan Kaka, na faɗa mata sunan kowane ginshiƙi. Abin da ke gindinsu ne kawai ban faɗa ba, don wannan namu ne. Abu Nawwaf bai ɗaga murya ba. Ya gyara gutrarsa, mayafin da ke kansa, ya ce "Shukran, ya khala," da wata murya da ban taɓa jin ya yi mini ba, ya fita ya tuƙa motarsa da kansa. Usman yana tsaye a jikin bango da ƙurar silin a gashinsa. Bai dube ni ba, taɓaryar yake kallo.

Sauran kun sani. Aka sa wa gidan lamba, masu mustauda suka nemi wani fili. Da lokacin sabunta iƙama ya zo, Abu Nawwaf ya ce ba ya bukatar direba. Muka shiga muka fita neman wani kafili, na je gidajen da ban taɓa zaton zan je roƙo ba, har gidan Abu Nawwaf ɗin na je, na zauna a falon matarsa tun safe har la'asar, shayi kawai na samu. Aka buga wa Usman huruj, fitar da ba dawowa, shi da matarsa da 'yan matansa biyu. Ni kuma mijin Rukayya, da yake shi ɗan ƙasa ne, ya mai da iƙamata hannunsa. Gidan tarihi ba a kwana a cikinsa, ba a hura wuta, don haka ni ma aka ce in kwashe. Ku yi dariya in kuna so: shuggar Hindawiyya da mukayyif ɗin da na ƙi, a cikin irinta nake zaune, wajen Rukayya, nake rubuta wannan, gwiwoyina suna ciwo saboda sanyi.

Ranar da za su tashi, Usman ya zo sallama. Bai zauna ba.

"Kin ji daɗi, Ummi? Gidan ya tsaya. Ke ba kya ciki, ni ba na ƙasar."

"Amma yana tsaye."

"Katako ya fi ni ke nan."

"Da na yi shiru, da kana Jidda ba ka da inda za ka nuna wa 'ya'yanka ka ce nan ne. Yanzu kana da shi."

"In nuna musu daga Kano?"

Ya sumbaci goshina don al'ada ce, ba don ransa ya so ba, ya sauka. Na yi kukan da ban yi ba ran da Idrisu ya rasu. Na rame, na daina cin kifi. Ɗana, mai shekara kusan hamsin, ya sauka a garin da bai san titi ko ɗaya ba, ya kama jan motar haya, fasinjoji suna dariyar Hausarsa suna ce masa Balarabe, shi da a nan ake ce wa takruni, wato baƙo daga Afirka. 'Yan matansa suka koma koyon karatu daga tushe. Duk wannan da hannuna a ciki, da taɓaryata, ba na ɓoyewa. Amma kuka daban, nadama daban. Wanda ya buga huruj ba ni ba ce. Ni abin da na yi shi ne an ce in yi ƙarya a ɗakin da aka haife ni, na ƙi.

Shekaru suka shuɗe Usman ba ya ɗaukar wayata. Matarsa ce ke amsawa, ta ce ya fita, ko yana barci, ko yana gaishe ki, ni kuwa na san gaisuwar ƙarya in na ji ta. Shi kuwa gidan aka gyara shi tsaf. Aka kankare simintin a hankali, aka zare ƙusoshin, aka mai da roshan wurinsa har da tulu, sai dai ba ruwa a ciki. Aka bar daɓen ƙasa yadda yake, aka ja igiya a bakin babban ɗaki don kada a taka, aka ajiye mai gadi. Allon ƙofa yana bayanin itacen jirgi da mangabi da bakan rufi, yana ɗauke da sunan dangin mai gona da manyan baƙaƙe. Can ƙasa an ce wani masassaƙi daga cikin alhazan Afirka ne ya gina. Wani. Na je sau ɗaya na karanta, na tsaya bayan igiya tare da 'yan makaranta ina leƙen ɗakina, na ce wa Rukayya yalla mu tafi, ba zan ƙara zuwa ba.

Azumin da ya wuce, da hantsi, aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Wata mata ce da ta zo umara daga Kano, gajera mai fara'a, ta sha wahalar neman gidan. Ta ce ita maƙwabciyar su Usman ce. Muka gaisa, na tambayi yara, na tambayi hanya. Sai ta kwance bakin mayafinta ta ciro wani ɗan farin tsumma a ƙulle, bai kai kan babban yatsa ba, ta ɗora mini a tafin hannu.

"Mama, matarsa ta sauka. Ya ce in ce miki namiji ne."

Na san nauyin abin tun kafin in taɓa ƙullin.

"Sunansa Sale. Ya ce kuma kin san wurin."

"Shi ke nan abin da ya ce? Bai ce a gaishe ni ba?"

Matar ta sunkuyar da kai. "Gaskiya, Mama, ina azumi. Bai ce ba."

Na yi dariya har hawaye suka zubo mini. Ɗana ne, ba musanya aka yi mini ba.

Ban jira an sha ruwa ba. Na shiga madafa na ɗauki babban cokali na jefa a jaka, na ce wa Rukayya ta ɗauko makullin mota. Duk hanyar Khumra tana yi mini wa'azi, wai wurin na hukuma ne yanzu, wai za a ci mu tara, wai in tuna iƙamata a hannun mijinta take. Na ce mata wannan waƙar na taɓa jinta. Muka tarar ba kowa sai mai gadi, wani dattijo mutumin Yaman, yana jan carbi a zaure. Na yi masa sallama, na ɗaga igiyar na wuce, na durƙusa a gindin ginshiƙin tsakiya. Hujin ƙusar da Usman ya buga yana nan a sama, an cike shi da wani abu amma ana gani. Na ciro cokali.

"Ya hajja! Mamnu'! An hana tono, an hana taɓawa!"

"Na ji."

"Akwai kamara a can sama, tana ɗaukarki."

"To ta ɗauka da kyau. Ka ce musu Khadduj ce, jikar wani masassaƙin nan da ke jikin allonku."

Ya matso zai riƙe mini hannu, sai ya ga ƙullin tsumman a cinyata. Ya tsaya. Ban san yadda suke yi a garinsu ba, ban kuma tambaye shi ba. Ya dubi tsumman, ya dubi furfurata, ya ce "La haula wa la ƙuwwata," ya juya ya koma zaure ya ba kamarar baya, kamar hakan zai rufe mata ido.

Daɓen ya yi tauri, cokalin ya lanƙwashe, Rukayya mai wa'azi ta durƙusa ta karɓa ta ƙarasa da makullin mota. Na yi bisimilla na sa Sale kusa da ubansa da yayyensa, na mai da ƙasa, na daddanna da tafin hannu, na tofa addu'a. Zafin rana ya sa itacen yana wari, na zauna na jingina bayana a jikin Usman har aka kira azahar.

Har yau bai kira ni ba, ni ma ban kira shi ba. Rukayya ta aika masa hoton gindin ginshiƙin da ɗanyen tono, ta ce ya buɗe bai ce komai ba. Ba sai ya ce ba. Wataƙila in mutu ban ƙara jin muryarsa ba, na san wannan, kuma yana ci mini rai kullum. Amma duk mai cewa na zaɓi katako na bar ɗana, ya je Khumra ya ce a nuna masa ginshiƙin tsakiya. In ya dawo ya zo ya same ni ya faɗa mini, da na yi shiru ranar nan, a gindin me zan binne wannan tsumman.